Shinkafar Hausawa A Bayan Teku

 Yau za mu ɗan jingine zancen raino da ɗinki, mu yi doguwar tafiya, mu ƙetare tekun Atlantika zuwa ƙasar Birazil. Abin da ya jawo haka kuwa shi ne, wata 'yar wana da ke aji uku a jami'a, tana karatun Tarihi, ta yi hutun ƙarshen shekara a can, mako takwas cif, tana koyon harshen Fotugis da al'adun baƙar fatar ƙasar. Da ta komo na je yi mata barka da zuwa, niyyata in yi rabin sa'a in tashi, amma sai da aka kira sallar isha'i muna zaune. Na ga bai kamata in riƙe abin da na ji ni kaɗai ba.

Yadda aka bar ta ta tafi

Kada ku zaci abin ya zo da sauƙi. Sa'ad da ta kawo takardar cewa sashensu ya zaɓe ta tare da waɗansu ɗalibai mata biyu, an kuma sami tallafin kuɗin jirgi da na makaranta, mahaifinta cewa ya yi sam. Ya ce shi abin da ya sani game da Birazil ƙwallo ne da raye-rayen titi, ina ruwan 'ya mace da wannan? Uwarta ce ta yi ta binsa a hankali har mako biyu. A ƙarshe ya yi shawara da malaminsa, ya kuma je da ƙafarsa ya ga malamar da za ta raka su. Ya yarda bisa sharaɗi uku: tare da malamar za su tafi su kuma komo tare, a gidan mata zalla za ta sauka, kuma kowace rana sai an ji muryarta. Kakarta kuwa ba ta ce kome ba, sai ta ƙulle mata yaji da kuka da daddawa a leda, ta ce ba a san abin da mutanen can suke ci ba.

Daga Abuja suka tashi zuwa Adis Ababa, daga nan zuwa Sawo Fawulo, sa'an nan suka shiga ƙaramin jirgi zuwa Salbador, babban birnin jihar Bahiya, a bakin teku. Turawan Fotugal ne suka kafa birnin a 1549, shi ne kuma hedkwatar Birazil har zuwa 1763. Agogonsu yana bayan namu da sa'a 4, watau sa'ad da muke sallar azahar su hantsi ne a wurinsu. Kuma da yake ƙasar tana kudu da tsakiyar duniya, watan Yuli da Agusta lokacin sanyinsu ne, ko da yake ta ce sanyin bai kama ƙafar hunturun Kano ba, yayyafi ne kurum da iskar teku.

Harshen da ke da mace da namiji

An sauke ta a gidan wata dattijuwa, mijinta ya rasu, tana zaune da 'ya'yanta mata biyu. Babu mai jin Ingilishi a gidan. Ta ce, “Goggo, kwana uku na farko kamar kurma nake, in ina son ruwa sai in nuna famfo.” Jimlar da ta fara haddacewa ita ce *não como carne de porco*, watau ba na cin naman alade, domin shahararren abincin ƙasar, wani faten baƙin wake da ake kira *feijoada*, da naman alade ake yinsa. Matar gidan Kirista ce, amma tun daga ranar ta ware mata tukunya da cokali, ta kuma riƙa hana 'ya'yanta shiga ɗakin in ta ga ta shimfiɗa darduma.

Kullum da safe sa'a huɗu suke yi a aji. Abin mamaki, ta ce Hausa ta fi Ingilishi taimakonta. Dalili kuwa, Fotugis ma yana raba kalmomi mace da namiji kamar yadda muke yi, kuma akasarin kalmomin mata da wasalin “a” suke ƙarewa, daidai da namu. Yaro shi ne *menino*, yarinya *menina*. In namiji zai yi godiya sai ya ce *obrigado*, mace kuwa ta ce *obrigada*. 'Yan ajinsu da suka zo daga Amurka sun yi ta fama da wannan, ita kuwa da ma da shi ta tashi. Inda suka saɓa da mu shi ne, a wurinsu rana namiji ce, wata kuma mace. Ta ce har ta baro ƙasar ba ta daina mayar musu da rana mace ba, malamarsu tana dariya tana gyarawa.

Inda ta sha wuya shi ne wajen aikatau. Mu in mun ce na faɗa, ya faɗa, mun faɗa, kalmar faɗa tana nan yadda take. Su kuwa wutsiyar kalmar ce ke sakewa, *falo*, *fala*, *falamos*, *falam*, kowane lokaci kuma da nasa jerin. Ga kuma sautin da ake fitarwa ta hanci. Amma akwai inda ta sami sauƙi, domin Larabawa sun daɗe suna mulki a ƙasar Fotugal a zamanin da, sun bar musu kalmomi masu yawa. Sukari shi ne *açúcar*, man zaitun *azeite*, shinkafa kuwa *arroz*, duk daga Larabci. Wadda ta yi Islamiyya ba za ta ji su baƙi ba.

Harshen ba ƙarami ba ne. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen Birazil sun kai miliyan 203, kuma a nan Afirka shi ne harshen hukuma a Angola, da Mozambik, da Gini Bisau, da Kef Bad, da Sawo Tome.

Ƙosai a bakin titi

Da yamma ake fita da su yawon gani da ido. A tsohuwar unguwar birnin, wadda ake kira Felurinyo, ta ga mata sanye da fararen kaya da ɗaurin kallabi, suna zaune gaban kasko suna tuya. Da ta matsa sai ta ga ƙosai ne, na farin wake da albasa, sai dai ya fi namu girma, da manja ake toya shi, a tsaga shi biyu a cusa masa yaji da busasshen jatan lande. Sunansa *acarajé*, daga akara na Yarbawa. Kusa da shi ga alala a naɗe cikin ganyen ayaba, ga miyar kuɓewa. A 2005 gwamnatin ƙasar ta sa sana'ar waɗannan mata cikin jerin kayan gadon ƙasa. Ku duba fa, sana'ar da muke rainawa a ƙofar gida.

Ta ce wuri ne mai kyan gani, gidaje shuɗi da rawaya da ruwan hoda, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1985. Amma ma'anar sunan unguwar ita ce turken da ake ɗaure bayi a yi musu bulala a bainar jama'a. Birazil ta fi kowace ƙasa karɓar bayi daga Afirka, mutum fiye da miliyan 4 aka kai can noman rake da taba da haƙar zinariya. Ba a tsai da jigilarsu ba sai a 1850, ba a kuma soke bautar kanta ba sai ran 13 ga Mayu 1888, bayan duk sauran ƙasashen nahiyar sun riga sun soke. Shi ya sa a ƙidayar 2022 fiye da rabin mutanen ƙasar suka ce su baƙaƙe ne ko ruwa biyu.

Wata ranar Lahadi matar gidan ta ce za ta yi mata girki na musamman. Ta kawo shinkafa da aka dafa ta yi luguf kamar tuwo, an kife ta a faranti, an zuba mata soyayyen busasshen naman sa da albasa. Yarinyar ta tambayi sunan abincin. Matar ta ce *arroz de hauçá*. Ta sake tambaya, ta sake faɗa mata. Watau shinkafar Hausa. Ta ce, “Goggo, sai na ajiye cokali. Na ce mata ni ce Hausar.” Matar ta riƙe baki. Shekara sittin tana dafa abincin nan, ta gada daga uwarta, ba ta taɓa sanin cewa Hausa sunan waɗansu mutane ne masu rai ba, masu ƙasa da sarakuna da harshe.

Allo da tawada a ɗakin adana takardu

Daga ranar ta mai da hankali ga neman sawun waɗannan Hausawa. Jami'ar Tarayya ta Bahiya tana da cibiyar nazarin Afirka da Gabas tun 1959, da gidan kayan tarihin baƙar fata da aka buɗe a 1982. A can ta ji laccoci, ta kuma karanta abin da Malam João José Reis, masanin tarihi ɗan birnin, ya rubuta a kan wannan al'amari. Ga taƙaitaccen abin da ta koya.

Bayan an fara jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1804, yaƙe-yaƙe sun yawaita a ƙasar Hausa, aka yi ta kama mutane daga kowane ɓangare. Waɗansu daga cikin kamammun an yi kudu da su, hannu zuwa hannu, har bakin teku wajen Ikko da Badagiri da Wida, aka sayar wa masu jiragen ruwa. Da yawansu a Bahiya aka sauke su. To mutanen da suka saba da yaƙi, waɗansu kuma almajirai ne masu karatu, ba su zauna lafiya da bauta ba. A watan Mayu 1807 suka shirya tawaye, asiri ya tonu tun kafin ranar. A 1809 suka sake yunƙurawa. A watan Fabrairu 1814 suka ƙona wuraren kamun kifi a gefen birni, takardun shari'a kuma suka rubuta laƙabin shugabansu *malomi*. Ku sake karanta kalmar a hankali, za ku ji malam ne.

Mafi girman tawayen shi ne na daren 24 zuwa 25 ga Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na watan azumi. Wannan karon Yarbawa Musulmi ne suka fi yawa, da waɗansu Hausawa da Nufawa. Kimanin mutum 600 suka fito cikin fararen riguna da layu a wuya. Kafin gari ya waye sojan doki sun murƙushe su, wajen mutum 70 suka mutu. An harbe huɗu a watan Mayu, an yi wa waɗansu bulala ɗari-ɗari, har da wani tsohon malami da aka yanke wa bulala 1,000. An kuma kori 'yantattu da yawa zuwa Afirka. Jikokin irin waɗannan da suka komo su ne ake kira Aguda a Ikko, a Ankara ta ƙasar Gana kuma ana ce da su Tabon.

'Yan sanda sun kwashe alluna da carbi da takardu daga gidajen waɗanda aka kama, kuma waɗansu takardun suna nan har yau a ɗakin adana takardun jihar Bahiya. An nuna wa ɗaliban hotunansu. Ta ce da ta duba sai ta ga irin rubutun allon da ta yi a makarantar Alƙur'ani tana ƙarama, irin na warash, da ɗigon fa a ƙasa. Ba ta san sa'ad da ta fara karantawa a fili ba. 'Yan ajin suka yi tsit. Malamin da ke nuna musu ya ce shekarunsa da yawa yana nuna hotunan nan, ba safai yake samun ɗalibin da ya karanta su ba tare da an fassara masa ba.

Akwai kuma wani jakadan Faransa a Bahiya mai suna Kastelno, wanda ya riƙa tara bayi Hausawa yana tambayarsu labarin ƙasarsu, ya buga littafi a kai a 1851. Sun lissafa masa Kano da Katsina da Zazzau, da zango-zangon da aka bi da su har teku. Ashe ba su manta hanyar gida ba, hanyar ce babu.

To, ina matan?

Ga tambayar da ta hana yarinyar nan barci, ita ce kuma dalilin da ya sa na kawo muku wannan labari. A Salbador har gobe ana jin kalmomin Yarbanci, a sunayen abinci da kuma waƙoƙin addinin gargajiyar da suke kira Kandombile. Hausa kuwa ta ɓace ƙaf. Wani likita mai suna Nina Rodrigues, wanda ya rasu a 1906, ya tarar da 'yan tsirarun tsofaffin Hausawa a birnin, ya rubuta waɗansu kalmomi daga bakinsu. Da suka mutu, harshen ya bi su kabari. Sai sunan shinkafa ya rage.

Dalilan suna da yawa. Yarbawa sun fi yawa, kuma an ci gaba da kawo su har 1850. Bayan 1835 hukuma ta matsa wa Musulmi ƙwarai, ko takarda mai rubutun Larabci aka gani a hannun mutum ta isa ta jawo masa ɗauri. Amma akwai dalili guda da ya shafe mu kai tsaye. Hausawan da aka ƙetarar da su teku kusan dukkansu maza ne. Matan da aka kama a yaƙi a nan gida ake riƙe su, ko a yi arewa da su ta hamada, domin sun fi tsada a waɗannan kasuwanni. Wannan magana ce mai ɗaci, domin ta nuna da hannun namu a cikin cinikin, amma gaskiya ce. Saboda haka Bahaushen Bahiya in ya sami haihuwa, uwar ɗan ba Bahaushiya ba ce. Yaron zai ji uban yana salati, amma da wani harshe aka yi masa rarrashi, da wani harshe aka aike shi, da shi aka yi masa faɗa. Yarbawa kuwa da matansu aka kai su, matan ne suka kafa manyan gidajen addininsu, su ne kuma suka riƙe kaskon ƙosai, suka miƙa wa 'ya'ya, 'ya'ya suka miƙa wa jikoki.

Malamai masu allo da tawada, jarumawa masu takobi, duk ba su iya tsare harshen ba, domin babu uwa a ɗaki. Ba banza ba ake cewa harshen uwa.

Ita kanta yarinyar sai da ta ji kunya. A makon ƙarshe wata ɗaliba baƙar fata 'yar birnin, wadda take zaton kakanninta daga wajenmu suka fito, ta roƙe ta ta yi mata tatsuniya guda da Hausa, ko da ba za ta fahimta ba, tana so dai ta ji yadda take a kunne. Ta kama ta Gizo da Ƙoƙi, ta kai tsakiya, ta kakare. Ta kama wata, ita ma haka. Ta ce a ranar ta gane tana iya ba da labarin sarakunan Ingila da shekarunsu, amma ba ta iya kai tatsuniya ɗaya ƙarshe ba. Tun da ta komo, kowane dare tana ɗakin kakarta da littafi da alƙalami. Tsohuwar tana ta mita wai an hana ta barci, amma kowa ya ga fuskarta ya san daɗi take ji.

'Yan'uwa, mu dubi gidajenmu, musamman mu na birni. Gida nawa ne yanzu uwa ke alfahari da cewa ɗanta ba ya jin Hausa sosai? Waɗancan an raba su da harshensu da sarƙa da bulala. Mu kuwa babu wanda ya tilasta mana. Koyon harshen wasu abu ne mai kyau, ga shi nan 'yarmu ta koyo Fotugis ya buɗe mata ƙofa. Amma abin da ya sa aka saurare ta a can shi ne abin da ta tafi da shi daga gida.

Ga masu sha'awar irin wannan tafiya

'Yan makaranta, ku fara da tambaya a sashenku ko akwai shirin musayar ɗalibai. Gwamnatin Birazil tana da wani shiri mai suna PEC-G tun 1965, wanda ke ba ɗaliban ƙasashe masu tasowa gurbin karatun digiri a jami'o'inta, har da 'yan Nijeriya, sai dai dole a ci jarrabawar harshe da ake kira Celpe-Bras. A nemi bayani a ofishin jakadancinsu da ke Abuja, kada a bi ta hannun 'yan tsakiya. A tanadi fasfo da biza da katin allurar shawara tun da wuri. A koyi gaisuwa da ƙirge da sunayen abinci kafin a tashi. A can kuma kada a fita da dare ke kaɗai, kada a riƙe waya a hannu a kan titi, domin akwai masu fizge kamar kowane babban birni. Alƙibla daga Salbador gabas ce maso arewa. Akwai ɗan ƙaramin masallaci a birnin, can ta riƙa zuwa Juma'a.

Iyaye kuma, a bincika a san wa zai raka ta da inda za ta sauka, kamar yadda wana ya yi. In an gamsu, a yi mata addu'a a bar ta. Shi da ya ce sam, yanzu ba ya rabuwa da baƙo sai ya ba shi labarin malomi na 1814.

Yadda ake dafa ta

Ga yadda matar gidan ta koya mata, mun kuma gwada a gidana ta yi daɗi. Ki sami shinkafar tuwo gwangwani biyu, da busasshen naman sa mai gishiri. In babu, ki yanka jan nama sirara, ki barbaɗe shi da gishiri, ki shanya kwana biyu. Ki jiƙa naman tun da dare, kina sake ruwan don gishirin ya ragu, ki tafasa shi ya yi laushi, sa'an nan ki yayyaga shi ƙanana. Ki dafa shinkafar da ruwa mai ɗan yawa har ta yi luguf, ki zuba madarar kwakwa kofi ɗaya, ki tuƙa kaɗan. Ki shafa mai a kwano, ki zuba ta ki danna, ki kife a faranti. Ki soya albasa manya biyu da tafarnuwa a cikin manja, ki zuba naman ki yi ta juyawa har ya yi ja. Ki daka attaruhu da busasshen jatan lande ki soya daban. Ki zuba naman a bisa shinkafar, yajin a gefe.

In kin ajiye wa maigida da yara, ki gaya musu sunanta da inda ta fito, da Hausa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka mutu a can ba su sake ganin gida ba, Ya shirya mana zuriya.